Ranar da Muka Turara Jirgin Ɗanmu

Ba zan faɗi sunansa ba. A wurinmu idan mutum ya rasu ana ajiye sunansa, ba a sake kira sai an daɗe. Mai gyara mana famfo sunansu ɗaya, yanzu Dogo muke ce masa, kuma yana amsawa. Don haka ɗanmu kawai zan ce, ni da yayata Maudie, ko da yake ba mu muka haife shi ba. Bature ne daga can kudu, kuma shi ke tuƙa jirgin nan mai saukar ungulu da ke zuwa daga garin Katherine ya ɗauki marasa lafiya idan ruwa ya yanke hanya.

Shekarar babbar ambaliya muka same shi. Ni da Maudie mun je dajin mahaifinmu neman kififiya, kogi ya taso ya tare mu. Muka hau wani ɗan tudu, ruwa yana cin tudun kaɗan-kaɗan, kuma mun san abin da ke yawo a cikin ruwan. Can da rana sai ga jirgi ja da rawaya. Babu wurin sauka, sai ya ɗora ƙafar jirgin guda a kan tudun, ɗayar tana lilo a iska. Abokin aikinsa ya diro ya kama hannuna, na shiga. Maudie ta ƙi. Ta rungume karenta da hannu ɗaya, tukunyarta a ɗaya hannun, ta ce ba inda za ta ba su.

Mutumin ya yi ta lallashinta. Sai matuƙin ya leƙo ta taga, fuskarsa ja kamar an dafa, ya daka tsawa don a ji shi cikin ƙarar:

"Mama! Ki zo da karen, ki zo da tukunyar! Kada ne kawai ba ni da wurinsa!"

Da aka sauke mu a gari, Maudie ta dube ni.

"Kin ji abin da ya kira ni?"

"Yaya, kowace tsohuwa haka yake ce mata."

"Ni dai ya kira, a gaban shaidu."

"Shaidun su ne ni da kare."

"Sun isa."

Zuwansa na gaba ta zaunar da shi a gindin mangwaron asibiti, ta ba shi gurbi a cikin dangi, ta faɗa masa wane ne kawunsa, wace ce ba zai yi wasa da ita ba. Ya saurara da gaske, yana ta gyaɗa kai da manyan kunnuwan nan nasa. Tun daga ranar ita ce Mama Babba, ni ce Mama Ƙarama.

Ya yi shekaru yana zuwa mana. Ya ɗauki masu naƙuda, ya ɗauki waɗanda maciji ya sara, ya ɗauki mijina Clarrie sau biyu, na biyun bai dawo ba. Ranar da Clarrie ya cika, shi ya zo da kansa a ranar hutunsa, a mota, ya zauna a ƙasa tare da mu har yamma. Mutum ne da ba ya tsoron hadari, ba ya tsoron duhun ruwa, amma idan ya ga koren kwaɗo a bayan gida sai ya fito da gudu yana riƙe da wando. Shayi kuwa sai ya zuba sukari har cokali ya kusa tsayawa. Idan na gasa dinya sai ya ci har ƙashi, ya ce matarsa ta gudu ne don bai iya girki ba. Ban taɓa sanin ko wasa yake yi ba.

Duk sanda zai sauka a filin ƙwallo, sai ya fara zagaya rufina sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Iskar ta kwashe mini shanya. Na sha zuwa filin da rigata cike da ƙasa ina zaginsa.

"Mama Ƙarama, gaisuwa ce fa."

"Gaisuwar gidanku! Ka zo ka wanke."

"Zan wanke in na yi ritaya."

Ba a sama ya mutu ba. Kowa ya ɗauka a can zai ƙare, amma a ƙofar gidansa ne, ƙarshen rani, yana wanke mota. Zuciyarsa ta tsaya. Sista Leonie, nas ɗin asibitinmu, ita ta zo ta faɗa mana. Danginsa suka ɗauke shi zuwa kudu suka binne, ba wanda ya je daga nan. Ba mu ga gawa ba, ba mu ga kabari ba.

Muka yi abin da ake yi. Idan mutum ya tafi, kurwarsa ba ta saurin barin inda guminsa ya taɓa. Tana zama a kujerarsa, a motarsa, a ɗakinsa, tana kewar nata. Sai an turara wurin da ganyen wani itace mai tauri da muke kira itacen ƙarfe, an yi mata magana, sannan ta san an sallame ta. Maza suka turara bencin da yake zama, da ɗakin shan shayin asibiti, da filin ƙwallo. Jirgin kuwa yana Katherine, ba wanda ya kai hannu gare shi.

Ni na tuna da jirgin tun a ranar. Na yi shiru. Bayan haka jirgin yakan wuce ta samanmu zuwa wasu garuruwa, bai zagaya rufina. Amma da na ji ƙararsa sai in bar abin da nake yi in fito tsakar gida. A raina yana ciki. Wani ne ke riƙe da sandar tuƙi, na sani, amma ɗana yana zaune a wurinsa yana leƙo mu. Da wannan nake samun barci. Ban faɗa wa kowa ba.

Damina ta kankama, hanya ta nutse, filin saukar ƙaramin jirgi ya zama tafki. A lokacin ne ƙafar Maudie ta lalace. Tana da ciwon suga, ƙaya ta soke ta a yatsa, ta ɓoye. Sai da wari ya fito na yaye zanen na gani. Yatsun sun yi baƙi, jan layi ya hau har ƙwauri. Da safe ta tashi da zazzaɓi tana karkarwa. Sista Leonie ta duba ta, ta sa mata ruwa a jijiya, ta fita ta buga waya. Da ta dawo ta ja ni gefe.

"Anti Hazel, gubar ta shiga jini. Abin da nake da shi a nan ba zai tare ta ba. Dole yau ta kwana a babban asibiti."

Bayan azahar muka ji ƙarar. Aka sa Maudie a bayan motar asibiti, ni ina gefenta ina riƙe da ledar kayanta. Zafi ya yi nauyi, ko ganye ba ya motsi. Can gabas hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Mata da yara sun taru a bakin fili kamar kullum. Jirgin ya sauka, farfelar ta lafa, likitan jirgi ya taho da gadon ɗaukar mara lafiya.

Maudie ta ɗaga kai ta leƙa ta ƙofar mota. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan nasa ne."

"Yaya, jirgin asibiti ne," na ce.

"Ƙafata ce ta ruɓe, ba idona ba. An turara shi?"

Na kau da kai.

"To ku mayar da ni gida."

Sista Leonie ta durƙusa a gabanta. "Anti Maudie, ki saurare ni. Idan kika kwana a garin nan, ba ƙafar kaɗai za ki rasa ba."

"Na ji, 'yata. Kin yi ƙoƙari. Ki mayar da ni."

Matuƙiyar ta sauko ta taho wurinmu. Mace ce gajera, mai ƙarfin kafaɗa, ta cire hular kwano gashinta ya manne da gumi. Narelle sunanta. Ta tambayi abin da ke faruwa, Sista ta fara yi mata bayani. Sai Narelle ta ce, "Wai don jirgin da," ta kira sunansa cikakke, da ƙarfi, a tsakiyar fili.

Mata suka kau da kai. Wata tsohuwa a baya ta fasa kuka. Ni kuwa ji na yi kamar an buɗe ƙofa an watsa mini ruwa. Na yi watanni ban ji sunan ba, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi mini daɗi a kunne kafin ya yi mini ciwo.

Sista ta raɗa mata wani abu. Narelle ta rufe baki da hannu. "Ku yi haƙuri. Ban sani ba."

Maudie ta yafito ta da hannu. "Zo nan, yarinya. Kin san shi?"

"Shi ya koya mini aikin nan."

"To faɗa mini. Ya taɓa barin mutum a baya?"

"Bai taɓa ba."

"Ko kare bai bari ba. Yanzu yana can ciki, bai san an gama ba, ba wanda ya faɗa masa. Kina tsammani idan ya ga uwarsa kwance a bayansa zai bar ta? Zai ce, Mama, zo mu tafi. Kuma ni ban taɓa iya ce masa a'a ba."

Narelle ta dubi Sista, ta dubi hadarin. Sista ta ce mata hayaƙi kawai ake so, a sa ganye a wuta a zagaya jirgin, a shiga da shi ciki.

"Wuta a ciki? A'a. Tankin cike yake da mai, ga tukwanen iskar numfashi a baya. Ko sigari ba na bari a kunna kusa da shi. Wannan kam ba zai yiwu ba."

"Babu wani jirgin?" na tambaya.

"Yana can gaɓar teku kan wani aikin. Kafin ya gama, wancan ya rufe ko'ina." Ta nuna gabas da haɓa. "Anti, gaskiya zan faɗa muku. Idan ya matso, da ita ko ba ita, sai na tashi."

Likitan ya gwada nasa, ya yi maganar allura da jini. Maudie ta rufe ido ta bar shi yana yi. Da ya gaji ta buɗe ido ta neme ni.

"Hazel, je ki karyo ganye."

"Yaya, mazan da ke yi duk suna Katherine, ruwa ya tare su."

"Ke ba uwarsa ba ce?"

"Ganyen a jiƙe yake."

"Jiƙaƙƙe ya fi hayaƙi. Yau kika fara?"

"Matar nan ta ce ba a kai wuta kusa."

Ta kafa mini ido. Idanun sun yi ja da zazzaɓi, amma na san kallon tun muna yara.

"Ba ganye ba ne, ba matar nan ba ce. Ke ce ba kya so."

"Wane irin zance ne wannan?"

"Kina tsammani ban gan ki ba? Da an ji ƙara sai ki fito tsakar gida kina ɗaga hannu kamar mai tare mota. Tsohuwa da ke. Na ƙyale ki ne don na ga kina cin abinci." Ta yi tari, ta huta. "To ga shi nan. Ki riƙe shi a can ciki yana ta yawo a sama ba hutu, ni kuma ki binne ni jibi. Ko ki sallame shi. Ni na gaji, ba zan roƙe ki ba."

Na tsaya da ledar a hannu. Na ji haushinta ƙwarai, don a gaban mutane ta faɗa, kuma don babu ƙarya a ciki.

Ina nan tsaye na ga Narelle ta sunkuya ta tsinko ciyawa, ta watsa sama. Ciyawar ta faɗo a kan takalminta. Ta juya ta dubi hadarin, ta dubi jirgin, ta dubi ragar ƙwallon da ke can ƙarshen fili ta gabas.

"Dole sai an shiga da wutar ciki," ta tambaye ni, "ko hayaƙin ne zai shiga?"

"Hayaƙin."

"To ku kunna ta can gindin raga. Daga can ko tartsatsi ba zai iso ba. Zan buɗe ƙofofin duka biyu. Kafin ruwa ya sauko akwai iskar da ke riga shi zuwa, ta wancan gefen za ta fito. Ita za ta kawo muku hayaƙin." Ta dube ni. "Amma ki sani, da ta iso, lokacin tashina ya yi. Ba zan jira da yawa ba."

Na ajiye ledar a kan cinyar Maudie, na tafi.

Itacen ƙarfe yana bayan makaranta. Mata suka bi ni ba tare da na kira su ba, muka karyo rassa masu ganye. Wata ta jawo rabin durom daga gidanta, wata ta kawo busasshen ɓawon itace da ta ajiye a ƙarƙashin rumfa. Muka kunna a gindin raga, na ɗora ganyen a kai. Hayaƙi ya taso fari, mai kauri, mai ɗaci a maƙogwaro. Ya miƙe sama kamar sanda. Ko kaɗan bai karkata ba.

Muka tsaya muna jira. Can nesa jirgin yana tsaye da ƙofofinsa a buɗe, kana hango wancan gefen fili ta cikinsa. Motar asibiti tana kusa da shi, ina ganin Sista tana yi wa Maudie fifita da kwali. Gumi yana bin bayana. A raina wani ɓangare yana roƙon iska ta zo, wani ɓangaren kuma yana cewa ai ba laifina ba ne idan ba ta zo ba. Na ji kunyar wannan ɓangaren, amma yana nan.

Narelle ta taho ta tsaya gefena. Akwai abu a hannunta, wata tsohuwar hula mai baki, ta koɗe da rana, gefenta ya yi baƙi da gumi. Na gane ta tun kafin ta miƙo.

"A aljihun ƙofa take," ta ce. "Ya kamata in mayar wa 'yar'uwarsa, ban iya cirewa ba." Ta goge hanci da bayan hannu. "Ni ma ina yi masa magana, Anti. Idan gari ya rufe ban ga gabana ba, sai in ce, to malam, dama ko hagu?"

"Yana amsawa?"

"A'a. Amma ina jin sauƙi."

Na karɓi hular. Na kai ta hancina, warinsa yana nan, man jirgi da sabulu da gumi. Ban taɓa haihuwar namiji ba. 'Ya'yana mata ne, suna birnin Darwin da iyalansu. Wannan Baturen mai manyan kunnuwa shi ne ya tsaya mini a wurin ɗa, shi ke tambaya ko na sha magani, shi ya hau rufina ya toshe yoyo yana ta kuka da zafin kwano. Na riƙe hular a ƙirji.

"Me ake yi da ita a wurinku?" Narelle ta tambaya.

"A wuta ake sa ta."

Ta dubi hular. "To."

"Ba sai kin yarda ba. Ta danginsa ce."

"Ku ma danginsa ne. Haka yake faɗa wa kowa a wurin aiki, har ana yi masa dariya."

Na miƙa mata gefe ɗaya, na riƙe ɗaya, muka sa ta tare. Ganyen ya danne ta, ba mu ga ƙonewarta ba.

Sai na ji sanyi a ƙeyata. Ganyen mangwaron asibiti ya fara kaɗawa, tsuntsaye suka tashi. Sandar hayaƙin ta tanƙware, ta kwanta a ƙasa, ta bi ciyawa ta nufi tsakiyar fili. Mata suka ƙara ganye. Hayaƙin ya isa jirgin, ya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan, har jan fentin ya ɓace mana.

"Yanzu, Anti," Narelle ta ce. "Da sauri."

Na zaro reshe daga saman durom, wanda ya sha hayaƙi ya yi ɗumi. Ta karɓa ta shafa shi da tafin hannunta ganye bayan ganye, ta tabbatar babu garwashi, ta mayar mini. Na yi gudun da na daɗe ban yi ba.

Na hau jirgin. Ciki duk hayaƙi ne, idona yana ruwa. Na buga reshen a kujerarsa, a bayanta, a sandar da yake riƙewa, a tagar da yake leƙowa. Na buɗe baki ba abin da ya fito. Daga waje na ji muryar Maudie, ta shaƙe amma ta iso.

"Hazel! Ba shara na aike ki ba! Yi masa magana!"

Na dafa kujerar. Da harshenmu na yi, wanda ya iya kalmomi kaɗan a ciki, duk a karkace.

"Ɗana, Mama Ƙarama ce. Aikinka ya ƙare. An karɓe ka, wadda ka koya wa tana nan, ta iya. Nan ba wurinka ba ne yanzu. Ka tafi ƙasar uwar da ta haife ka, tana can, ka huta. Mama Babba za ta shiga, ba kai za ka kai ta ba. Kada ka kira ta. Ka bar mini ita." Na tsaya na ja numfashi. "Ni ma kada ka sake leƙo ni. Na gode. Tafi."

Ba abin da ya faru. Ban ji murya ba, ban ga komai ba. Iska dai ta ci gaba da ratsawa, hayaƙin ya yi ta raguwa, har na ga kujera ce kawai, baƙa, da ɗinki a gefe inda ta yage.

Na sauko na dumbuzi jar ƙasa mai laima a bakin fili, na shafa layi a jikin ƙofar, yadda ake yi wa mota idan an gama, don kowa ya gani ya sani. Na dubi Narelle ko za ta hana. Ta ce in dai ba a gilashi ba ne, in shafa.

Aka fito da Maudie a kan gadon. A bakin ƙofa ta ɗaga hannu aka tsaya.

"Kin yi bayan kujera?"

"Na yi."

"Ƙarƙashi fa?"

"Yaya, ki shiga ko in tura ki."

"Ji mara kunya. Ki ba kajina ruwa. Kuma kada ki taɓa mini tukunya, kin san hannunki."

Suka tura ta ciki, likitan ya ɗaure ta, Sista ta miƙa ledar. Aka kore mu baya. Farfelar ta fara juyawa, ɗigon farko ya faɗo mini a hannu. Jirgin ya ɗaga, ya sunkuyar da hanci, ya yi yamma, hadarin yana bin sa. Kafin mu kai bakin fili ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya kashe wutar. Mata suka watse da gudu. Ni na taka a hankali, don ba ni da abin sauri.

Washegari Sista Leonie ta zo har gida. Sun isa lafiya. An yanke yatsu biyu, an tare gubar. Likitocin sun ce da ta ƙara kwana da labarin ya sha bamban. Sista ta ce tun da ta farka take faɗa da masu kawo abinci, wai shayinsu ruwan wanke kofi ne.

Ta daɗe a can. Sai da ruwa ya janye, hanya ta buɗe, aka dawo da ita a mota, ta rame, tana dogara sanda. Ta zagaya ta duba kajinta, ta ce sun lalace. Ta duba tukunyar, ba ta samu abin cewa ba. Na dafa shayi, muka zauna a baranda. Ba ta yi mini labarin asibiti ba, ni ma ban tambaya ba.

Can ta ajiye kofin.

"Na duba fa," ta ce.

"Me kika duba?"

"A cikin jirgin. Da muka tashi ban rufe ido ba. Na duba gaba, na duba gefe, na saurara. Har muka sauka ina saurare." Ta juya kofin a kan gwiwarta. "Babu kowa, Hazel. Yarinyar ce kawai da likitan. Kin yi aikin da kyau."

Na ce to.

"Na so a ce kin ɗan yi kuskure," ta ce. "Ko kaɗan ne."

Sai bakinta ya fara rawa. Tun da aka kawo mana labarin rasuwarsa ban ga hawayenta ba, ita ce mai ba da umarni, ita ce mai cewa a kawo ganye, a share nan. Na matsa kusa da ita. Ta kama wuyana ta fasa kukan makoki, irin na uwa, da ƙarfi, ni ma na ɗauka. Maƙwabta suka ji, suka fito, ba wanda ya tambayi wa ya rasu. Suka zo suka zauna a ƙasa tare da mu har rana ta yi sanyi.